Idan tumaki suka fara ɓari a jere: yadda ake gano cuta tun ba ta kai ga mutane ba

A watan Agustan 2016, makiyaya a yankin Cintabaraden, arewacin jihar Tawa, sun ga abin da ba su saba gani ba. Bisashe na ta ɓari, wasu na mutuwa, a gidaje kuma mutane na kwanciya da masassara. Damina ce, lokacin da masassara ba baƙuwa ba ce a kowane gida, don haka ba abin mamaki ba ne idan an ɗauke ta da farko a matsayin ta cizon sauro. Labari ya isa ga Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ranar 30 ga Agusta. Aka ɗebi jinin mutane da na dabbobi aka aika cibiyar Pasteur ta Dakar, sai a tsakiyar Satumba sakamako ya tabbatar da cewa zazzaɓin kwarin Rift ne, wanda likitocin dabbobi ke taƙaitawa da FVR. Daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba an ƙidaya mutum 64 da suka kamu, 28 daga cikinsu suka rasu. Yawancinsu makiyaya ne da manoma.

Ku duba tazarar da kyau. Daga mutum na farko da aka rubuta ya kamu zuwa ranar da aka san sunan cutar, kusan mako shida ne. A cikin makonnin nan an ci gaba da yanka, an ci gaba da fiɗa, an ci gaba da sa hannu a ciro ɗan da ya maƙale, an sha madara ɗanya. Babbar Sallah ma a Satumba ta faɗo a waccan shekara, ga taron lasar gishiri na Ingal, Cure Salée, yana tafe a ƙarshen watan, inda garkuna daga ko'ina suke haɗuwa. Wannan tazarar ita ce abin da muke so a rage, kuma mafi yawan aikin rage ta a hannun mai garke yake, tun kafin a kai ga likita ko ɗakin gwaji.

Yadda cutar ke tafiya

An fara gane wannan cuta a Kenya wajen 1930, a cikin tumaki, a wani dogon kwari da ake kira Rift, daga nan ta samo suna. Ta ɓarke a Moritaniya a 1987, ta ƙetara har Saudiyya da Yaman a 2000. Ƙwayar birus ce, sauro ke yaɗa ta tsakanin dabbobi. Akwai wani irin sauro da ke saka ƙwai a cikin laka a bakin tabki. Ƙwan na jure rani, yana zaune cikin busasshiyar ƙasa, wani sa'i da ƙwayar cutar a cikinsa. Idan aka yi ruwa mai yawa, tabkuna da fadamu suka cika suka tumbatsa, sai ya ƙyanƙyashe da yawa lokaci guda. Sauron ya ciji tunkiya, ƙwayar ta hayayyafa a jininta, sauran ire-iren sauro su ɗauka su rarraba wa garke. Shi ya sa shekarar da makiyayi ya fi murna, shekarar ciyawa da ruwa ko'ina, ita ce kuma shekarar da ya kamata ya fi sa ido.

A cikin tumaki ta fi ɓarna. Tunkiya mai ciki idan ta kamu, kusan duk sukan yi ɓari, ko cikin sabo ne ko ya tsufa. Ƴan ragunan da ba su daɗe da haihuwa ba, tara cikin goma na iya mutuwa, alhali manya kan tsira, watakila ɗaya cikin goma ke tafiya. Awaki da shanu da raƙuma duk suna kamuwa.

Mutum na iya kamuwa ta cizon sauro, amma galibi ta hannunsa yake ɗauko ta: jini, kayan ciki, ruwan haihuwa, mabiyiya, ɗan ɓari. Mai yanka, mai fiɗa, mahauci, matar da ke gyara kayan ciki, yaron da aka aika ya jefar da ɗan ɓari, su ne a sahun gaba. Bayan kwana 2 zuwa 6 sai masassara ta taso farat ɗaya, da ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da na jiki. Yawancin mutane kan warke cikin mako guda ba tare da sun san abin da ya same su ba. Kaɗan ne take tsananta a kansu: wasu ta taɓa ido bayan mako ɗaya zuwa uku, gani ya dusashe, wani har abada, wasu ta hau ƙwaƙwalwa, wasu kuma ido ya yi shawara, jini ya riƙa fita ta hanci, ta dasashi, ko a amai da bayan gida, kuma a irin wannan hali kusan rabi ba su tashi. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya shafa wa mutum ita ba. Mai jinya ba shi da dalilin gudun ɗan'uwansa. Wurin da za a yi hattara shi ne turke da mayanka.

Abin da ido ke gani

Ba wanda ya fi makiyayi sanin garkensa. Yakan gane saniyar da ba ta jin daɗi tun daga yadda ta tsaya, kafin ta daina tuƙa. Wannan sani shi ne matakin farko na gano cuta, kuma duk na'urar da ke Yamai ba ta maye gurbinsa. Sai dai ido na da iyaka, don cututtuka da yawa kan fito da fuska ɗaya.

Ɗauki ɓari. Yunwar bazara na sa ɓari. Doguwar tafiya da ƙishirwa na sawa. Bakkale na sawa. Abin da ke bambanta su shi ne yadda abin ke tafiya cikin garke, ba kamannin ɗan ɓarin ba. Bakkale a hankali take aiki: saniya ta zubar da ciki a watannin ƙarshe, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, gwiwar wata ta kumbura ta tara ruwa, bana biyu, baɗi uku, har a saba da ita. Zazzaɓin kwarin Rift kuwa kamar guguwa yake zuwa: cikin ƴan kwanaki tumaki da yawa su yi ɓari a jere, ƙanana su yi ta faɗuwa, a ƙarshen damina ko bayan ruwa mai yawa, maƙwabcinka da kuke shayarwa a tabki ɗaya shi ma ya ce haka yake gani. Idan a kan wannan aka ƙara da mutum biyu ko uku na gida da suka kwanta bayan sun yi fiɗa, to kada a jira ranar kasuwa. A kira a ranar.

Akwai wadda ba ta ba da lokaci ko kaɗan, ciwon saifa. Saniya lafiya lau da yamma, da safe a iske ta mushe, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa na ɗiga ta hanci ko ta dubura. A nan, son sanin abin da ya kashe ta shi ne babban haɗari. Muddin aka farke gawar iska ta shiga, ƙwayar kan yi wa kanta wani ɓawo mai tauri da ke zama a cikin ƙasa shekaru gommai, wurin ya zama tarko ga duk garken da zai yi kiwo a nan nan gaba. Wanda ya feɗe kuma na iya samun ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu, wanda ya ci naman ya kamu a hanji. Ma'aikacin kiwo ɗigon jini kawai yake bukata daga kunne. Gawar a ƙone ta ƙurmus ko a binne ta da zurfi a inda ta faɗi, kada a ja ta, kada a bar wa karnuka da ungulu, kuma kada a cire fata don a sayar. Na san fata kuɗi ce, amma wannan fatar ta fi ƙarfin kuɗinta.

Annobar tumaki da awaki da ake kira PPR ta fi sauƙin ganewa: masassara, majina da kwantsa har ido ya manne, gyambo a baki, zawo mai wari, tari. Ba ta kama mutum, amma tana iya share garken awaki. Ciwon huhun shanu kuma a hankali yake shiga, sau da yawa ta hanyar saniyar da aka sayo tana da kyan gani alhali tana ɗauke da shi. Mai ciwon kan tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, numfashi da ƙyar. Waɗannan biyun suna cikin waɗanda ake yi wa rigakafi a zagayen kowace shekara. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayan PPR, kamar yadda aka ga bayan bushiya, wadda aka bayyana ƙarewarta daga duniya a 2011. Tsofaffinmu da suka ga zamanin bushiya sun san abin da wannan ke nufi.

Me ake yi da jinin da aka ɗiba?

Makiyaya da yawa kan yi ƙorafi cewa an zo an ɗebi jinin bisashensu, an tafi, shiru. Ƙorafin na da tushe, kuma haƙƙin ƙungiya ne ta bi sawu ta tambayi sakamako. Amma yana da kyau a san abin da ke faruwa da jinin, don sanin ne ke nuna dalilin da ya sa gaggawa ke da muhimmanci.

Samfurin dabba LABOCEL ake kai shi, babban ɗakin gwajin ma'aikatar kiwo da ke Yamai, wanda ke da rassa a Tawa da Damagaram. Na mutane kuma cibiyar CERMES ta Yamai na cikin masu duba shi. Gwajin iri biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun ɓarawon shanu zai fahimce su.

Na farko, wanda ake kira PCR, ɓarawon kansa yake nema, wato ƙwayar cutar a cikin jini ko hanta ko saifa. Idan an same ta, magana ta ƙare. Sai dai ɓarawo ba ya kwana a garke. A zazzaɓin kwarin Rift ƙwayar na yawo a jini ne a kwanakin farko kawai, lokacin da jiki ke da zafi. Bayan haka ta ɓace.

Na biyu sawu yake nema. Idan cuta ta shiga jiki, jiki kan ƙera makaman yaƙi da ita, su kuma sukan daɗe a jini bayan ta wuce. Akwai sabon sawu, wanda ke bayyana bayan kamar mako guda ya kuma shafe bayan ƴan watanni. Samunsa na nufin cutar ba ta daɗe da wucewa ba. Akwai tsohon sawu da ke zama shekaru. Samunsa na nufin dabbar ta taɓa haɗuwa da cutar, ko ta taɓa samun rigakafi, ba lallai bana ba. Shi ya sa ma'aikaci ke tambayar ko an yi wa garken allura, da yaushe. Ba sa ido yake yi ba, amsar ce ke ba shi damar karanta sakamakon daidai. Bakkale ma ta sawu ake fara gano ta, da wani gwaji mai sauƙi da ke ba da amsa cikin ƴan mintoci.

Daga nan za ku ga abin da ke sa samfuri ya yi amfani ko ya lalace. Dabbar da ta fi dacewa a ɗebi jininta ita ce wadda ta fara masassara jiya ko yau, ba wadda ta yi kwana goma tana jinya ba. Mushen da ya yi kwana biyu a rana ba ya gaya wa kowa komai. Dabba ɗaya ba ta isa ba, gara a ɗiba daga da yawa, marasa lafiya da waɗanda suka warke. Kuma dole samfurin ya yi tafiya cikin sanyi, a kula mai ƙanƙara, daga daji har birni. Idan ana zargin kwarin Rift ko saifa, ɗibar ba aikin makiyayi ba ne. Aikinsa shi ne ya killace wurin, ya hana yara da karnuka kusanta, ya kira wanda ke da safar hannu da abin rufe fuska.

Sai maganar allurar kasuwa. Kusan kowane garke akwai kwalbar teramisin da sirinji guda, kuma da dabba ta yi sanyi ita ake fara dannawa. Wannan magani ba ya taɓa birus, ko na kwarin Rift ko na PPR. Kuɗi ne aka zubar. Inda cutar ta bakteriya ce kuma, yana iya dushe ta har gwaji ya kasa ganinta, a ciwon huhu ma saniya ta miƙe ana murna alhali ƙwayar na nan a huhunta. Mafi muni, allura ɗaya da aka soka wa mai masassara aka soka wa ta gaba, ta zama sauro mai ƙafa biyu. Saboda wannan dalilin ne ma likitoci ba su son yin rigakafin kwarin Rift a tsakiyar annoba. Kafin ta zo ake yin sa, kuma wani irinsa na iya sa mai ciki ɓari, don haka ba abin da za a saya a yi da ka ba ne. Idan an riga an ba da magani, a faɗa wa ma'aikaci gaskiya, a nuna masa kwalbar.

A gidan likitan mutane

Mai masassara ya je gidan likita, za a soki yatsarsa a duba ta cizon sauro. Idan gwajin ya nuna babu, ko an sha magani kwana biyu ba sauƙi, akwai magana ɗaya da ya kamata mai jinya ya faɗa ko ba a tambaye shi ba: tumakinmu na ɓari, kuma shi ne ya yi fiɗa. Malamin lafiya ba ya zuwa garke, ba shi da yadda zai sani. Shi ma ma'aikacin kiwo ba ya ganin littafin gidan likita. Kowannensu rabin labari ke hannunsa, makiyayi ne kaɗai ke da shi duka. Abin da manyan hukumomi ke kira Lafiya Ɗaya, wato a duba lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli tare, a ƙauye fassararsa ke nan.

Kuma ba kwarin Rift kaɗai ba. Murar tsuntsaye ta shigo Nijar ta Magarya a Fabrairun 2006, kaji da agwagi suka fara nunawa. Cutar da za ta zo nan gaba watakila ba mu san sunanta ba tukuna, amma da wuya ta iso ba tare da wani mai kiwo ya ga baƙon abu a turkensa ba.

Abin da ke hana faɗa

Mu faɗi gaskiya, ba rashin sani kaɗai ke sa a yi shiru ba. Makiyayi na tsoron a rufe kasuwa, a hana garkensa motsi a lokacin da ciyawa ke ƙarewa, dillalai su karya farashi, ko a ce garken wane ne ya kawo cuta. Don haka dabara ta farko da ke zuwa zuciya ita ce a yanka mai ciwo kafin ta zama mushe, ko a kai sauran kasuwa da wuri. Ba wanda zai zargi mutum don yana neman tsirar da dukiyarsa. Amma yankan nan shi ne daidai hanyar da cutar ke bi ta shiga gida, kuma dabbar da aka sayar yau, a tabkin da kake shayarwa za ta iya komawa. Rufe kasuwa ma ya fi tsawo idan cuta ta riga ta watsu ƙauyuka da yawa kafin a gano ta.

A nan ne ƙungiya ke da amfanin da mutum ɗaya ba shi da shi. Idan ƙungiya ce ta kai rahoto, ba a nuna kowa da yatsa. Idan tana da ɗan asusu da za ta rage wa wanda ya binne saniyarsa asara, ko da jaka kaɗan ne, zai fi sauƙin binnewa. Ni a ganina wannan asusun ya fi taron horo goma amfani, don yana taɓa ainihin abin da ke sa a ɓoye.

Kafin ruwa ya sauka

Shirin ba mai tsada ba ne. A taron ƙungiya na bazara a zaɓi mutum ɗaya a kowace ruga ko unguwa wanda za a riƙa kai wa labari, ya kasance yana da lambar ma'aikacin kiwo na komin, ta likitan dabbobi mai zaman kansa na yankin ko mataimakinsa, da ta gidan likita mafi kusa. A gwada lambobin tun yanzu, don ma'aikata na canza wuri. A sa mata cikin wannan tsari: su ke tatsa, su ke kula da awakin gida da kaji, kuma sau da yawa su ke fara ganin nono ya ragu.

A ajiye littafi guda. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya yi saƙon murya ta WhatsApp, ya haɗa da hoto daga nesa. Abin da ma'aikaci ke bukatar ji shi ne: wane irin dabba, nawa ne a garken, nawa suka kamu, nawa suka mutu, nawa suka yi ɓari, manya ko ƙanana, wace rana aka fara, ina suke shan ruwa, an shigo da sabuwar dabba kwanan nan ko an ci wata kasuwa, wane magani aka ba su, kuma akwai mutumin da ya kwanta. Kiran da ya zo da waɗannan amsoshi ya fi saurin tayar da babur fiye da wanda ya ce kawai bisashe na mutuwa.

A tanadi safar hannu, in babu ko leda mai kauri ninki biyu, da sabulu, ruwan jabel, da shebur. Ɗan ɓari da mabiyiya a binne su da zurfi, kada a rataye su a itace ko a jefa wa kare. Mace mai ciki da mai rauni a hannu kada su taɓa su sam. Madara a tafasa ta kafin a sha ko a kafa nono, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. A kwana cikin gidan sauro, kuma in da hali a ɗan nisanta makwancin garke daga bakin tabki da dare. Dabbar da aka sayo a ware ta mako biyu zuwa uku, da turkenta da abin shan ruwanta daban, kafin ta shiga cikin sauran.

Masu haurawa arewa da damina kuma, kafin ku tashi ku tambayi lambar ma'aikacin kiwo na inda za ku sauka, ku kuma san wane tudu ne waya ke kamawa a can.